Shin da gaske akwai maganin ciwon daji a jikin kifin shak?

Wani malamin makaranta daga Daura ya rubuto cewa likitoci sun tabbatar mahaifiyarsa tana da ciwon daji na mama, har an sa musu ranar fara allurar kemo a Katsina. Sai wani maƙwabci ya kawo masa kwalbar kafso na man hantar kifin shak, tare da wani bidiyo da ke cewa wannan kifi ba ya kamuwa da ciwon daji, kuma Turawa sun gano wani sinadari a jikinsa, sukwalamin, mai kashe daji da ƙwayoyin cuta. Kuɗin kafson na wata uku ya kusa cinye albashinsa. Yana tambaya ko maganar gaskiya ce, kuma ko ya dace a ɗan jinkirta kemon a fara gwada wannan tukuna, tunda Hajiya na tsoron allurar.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Bari in fara da abin da ba ya jira: kada a ɗaga ranar nan ko da mako guda saboda wannan kwalba. Sauran bayanin zai yi tsawo, domin bidiyon da aka turo maka ba ƙarya ce zalla ba. Akwai gaskiya a cikinsa, an dai cuɗa ta da abin da ba nata ba, sai an zauna an tsince. Harhaɗa magunguna ne aikina, kuma labarin wannan sinadari yana cikin waɗanda na daɗe ina bi da sha'awa, saboda haka zan ba ka shi yadda yake.

Sukwalamin sinadari ne na gaske. A shekarar 1993 wani likitan Amurka, Michael Zasloff, da abokan bincikensa suka sanar da gano shi. Tun 1987 mutumin ya yi suna kan wani abu da ya lura da shi a jikin kwaɗin Afirka da ake gwaji da su. Ana yi wa kwaɗo tiyata, a ɗinke, a mayar da shi cikin ruwa mai dauɗa, amma ɗinkin ba ya ruɓa. Da ya bi diddigi sai ya tarar fatar kwaɗon na fitar da wasu sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan ya juya kan wani ƙaramin kifin shak da masana ke kira Squalus acanthias, wanda tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya ba, mazaunin tekuna masu sanyi. Macen wannan kifi 'ya'ya take haifa, kuma goyon cikinta ya kan kai kusan shekara biyu. Idan cikin ya tsufa, ruwan teku na shiga mahaifarta yana fita da duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, amma 'ya'yan su fito lafiya lau. Me ke tsare su? Da aka tace tumbin kifin da hantarsa, sai aka ci karo da wannan sinadari, aka kuma laƙaba masa suna daga sunan kifin.

Ƙirarsa ce ta ba masana mamaki. Gangar jikinsa irin ta kwalastaral ce, dangin sinadaran da ke cikin ruwan maɗaciya, sai kuma wata doguwar jela da ke ɗauke da cajin lantarki. Ka san caji iri biyu ne, kowanne na jawo kishiyarsa. Fatar da ta lulluɓe bakteriya tana ɗauke da iri ɗaya, jelar sukwalamin kuma tana ɗauke da ɗayan. Da sun haɗu sai ya manne mata, ya lalata fatar, abin da ke cikin ƙwayar cutar ya tsiyaye, ta mutu. A faifan gwaji ya kashe bakteriya iri-iri, da wasu nau'o'in fungas, da wasu ƙananan halittu masu sa cuta. A 2011 Zasloff ya sake fitar da sakamakon da ya nuna yana dakile wasu ƙwayoyin bairos, ciki har da na dengi, da na ciwon hanta nau'in B, da na shawara, amma duk a faifan gwaji ne da jikin dabbobi.

Wannan ɓangare na kashe ƙwayoyin cuta shi ya fi taɓa ni, domin matsalar da ake neman warwarewa a ƙofar gidanmu take. Yawancin magungunan da muka sani, irin su amoksisilin da siforo, wani ƙaramin aiki guda ɗaya suke toshewa a cikin bakteriya. Idan ana shan su ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayar cutar kan sami hanyar kaucewa, ta haifi zuriyar da maganin ba ya yi wa komai. Kowa ya san yadda ake yi a nan: mutum ya ji cikinsa na murɗa, ya tsaya a kemis ko wurin mai tallar magani a tasha, ya sayi kafso biyu na ja da ruwan ɗorawa, ya haɗiye, gobe ya manta. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. To, maganin da ke kai hari ga fatar bakteriya gaba ɗaya ya fi wuyar kaucewa, shi ya sa masu bincike a birnin Marseille na Faransa suka daɗe suna gwada sukwalamin a kan ƙwayoyin cutar da suka gagari magunguna, kuma a ɗakin gwaji ya yi abin a yaba. Har a ƙasar Mali an gwada man shafawa da aka yi da shi a kan 'yan makaranta masu makero a ka, aka wallafa sakamakon a 2015. Gashi ya ɗan fi tsirowa a kan waɗanda aka shafa wa, amma bai warkar da makeron ba. Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan, babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin maganin ƙwayoyin cuta.

Yanzu ga batun daji. A 1971 wani likitan tiyata a Amurka, Judah Folkman, ya kawo wata fahimta da ta sauya tunanin masana. Ya ce ƙari ba ya iya girma ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini da za su riƙa kawo masa abinci da iska. Kai da ke Daura ka san gonar rani a ƙarƙashin dam ɗin Daberam: duk kyawun irin da aka shuka, idan aka toshe magudanar da ke kawo ruwa, shukar ba ta zuwa ko'ina. Haka Folkman ya ce a yi wa ƙari, a hana shi haƙa magudana. Fahimtar ta tabbata, har ta haifar da magunguna, kamar Avastin da Amurka ta amince da shi a 2004. Sukwalamin ya shigo wannan layi ne da aka ga yana shiga cikin ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon jijiyar jini, ya hana su amsa kiran da ƙari ke yi musu na su yaɗu. A jikin ɓeraye ya rage girman ƙari, musamman idan an haɗa shi da magungunan kemo.

Daga ɓera zuwa mutum akwai tafiya mai nisa, kuma a kan wannan hanya ce yawancin magunguna ke faɗuwa. Ana bi mataki-mataki. Da farko a ba mutane kaɗan don a ga iya adadin da jiki zai ɗauka. Sannan a ba wasu da suka fi yawa don a ga ko akwai alamar amfani. A ƙarshe a ɗauki ɗaruruwan marasa lafiya a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, gida ɗaya a ba su sabon maganin, ɗayan a ba su wanda aka saba, a jira a ga wa ya fi daɗewa da rai da lafiya. A farkon shekarun 2000 wani kamfanin Amurka, Genaera, ya gwada sukwalamin a kan masu ciwon daji na huhu da na ƙwan mace. Lura da yadda aka ba su: ta jijiya, ruwa na ɗiga dare da rana har kwana biyar a jere, ana auna jininsu, domin abin da ya fara bayyana da aka ƙara yawansa shi ne hanta ta soma nuna alamar wahala. Sannan ba shi kaɗai aka ba masu ciwon huhun ba, an haɗa shi da magungunan kemo biyu, kaboplatin da paklitaksel. An ga 'yan alamu masu sa rai, amma bai taɓa tsallake babban gwajin nan na ƙarshe a kan ciwon daji ba. Kamfanin kansa ya rufe a 2009.

Ban ga laifin masu binciken ba, kuma ba su yar da shi ba. Tunda yana hana tsirowar jijiyoyi, sai aka gwada shi a kan wata cutar ido ta tsofaffi wadda jijiyoyin jini ke tsirowa a bayan ido suna ɗiga ruwa har gani ya dushe. Wani kamfani ya mayar da shi maganin ɗigawa, aka yi babban gwaji, a watan Janairun 2018 sakamako ya fito: waɗanda aka ɗiga wa ba su fi waɗanda ba a ɗiga wa gani ba. Inda yake da ɗan haske yanzu wani wuri ne da ba wanda ya zata, wato cutar karkarwa ta Parkinson. A 2017 masana a Jami'ar Kambrij ta Ingila, tare da Zasloff, suka nuna yana hana wani furotin dunƙulewa, wanda dunƙulewarsa ce ke lalata jijiyoyin masu wannan cuta. Gwajin a jikin wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi aka yi shi. Daga baya aka ba mutum 150 masu Parkinson da ke fama da taurin bayan gida, wasu maganin, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, aka wallafa a 2022 cewa ya sauƙaƙa musu bayan gidan, ko da yake ya sa wasu tashin zuciya da gudawa. Shi ma wannan bincike ne, bai zama maganin da likita zai rubuta ba.

To, maganar cewa shak ba ya kamuwa da daji fa? Wannan ba gaskiya ba ce, kuma ta girmi sukwalamin. Asalinta daga guringuntsi ne. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa tun shekarun 1970 aka yi zaton akwai wani abu a cikinsa da ke hana su tsirowa, kuma gwajin farko da guringuntsin zomo da na maraƙi aka yi. Da yake kifin shak ba shi da ƙashi, ƙwarangwal ɗinsa duk guringuntsi ne, sai a 1983 aka gwada nasa a ɗakin bincike. A 1992 wani ɗan kasuwa a Amurka ya ɗauki wannan ɗan sakamako ya rubuta littafi a kai, gidan talabijin ya yayata, garin guringuntsin shak ya zama haja ta miliyoyin daloli. Masana suka koma rumbun da ake adana bayanan ƙari a jikin dabbobi, a 2004 suka fitar da lissafin ƙari 42 da aka samu a jikin shak da danginsa, har da wanda ya fito a cikin guringuntsin kansa. Aka kuma gwada shi a kan mutane yadda ya kamata. A 2005 an gwada garin a kan masu ciwon daji na mama da na hanji da ya yi nisa, bai ƙara musu kwana ko sauƙi ba, da yawa ma suka kasa ci gaba da sha saboda ya dame musu ciki. A 2010 aka fitar da sakamakon gwaji mafi girma, mutum 379 masu ciwon daji na huhu, wanda gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi da tataccen ruwan guringuntsin: babu bambanci tsakanin wanda ya sha da wanda bai sha ba. Tun a shekarar 2000 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci tarar wani kamfanin da ke sayar da shi dala miliyan ɗaya saboda tallan ƙarya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar da aka binne a can shekara da shekaru ita ce yanzu ake fassarawa ana turo wa iyayenmu a waya kamar sabon ilimi.

Kuma ko da a ce gaskiya ne kifin ba ya kamuwa, wannan ba ya nufin wanda ya haɗiyi man hantarsa ya gaji kariyarsa. Abin da ya shiga baki sai ya bi ta tumbi da hanji, a narkar da shi kamar kowane abinci.

Ɗauko kwalbar nan, Malam, ka duba bayanta inda aka jera abin da ke ciki. Na fi zaton za ka ga an rubuta squalene, alhali sinadarin da bidiyon ke magana a kai ana rubuta shi squalamine. Sunayen sun yi kama don daga sunan kifi ɗaya aka samo su, amma abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Na farkon mai ne kawai. Wani masani ɗan Japan ya gano shi a hantar shak tun farkon ƙarni na 20, akwai shi a man zaitun, fatar jikinka ma tana fitar da shi a cikin maiƙon da ke tsatstsafowa a goshi. Ana sa shi a man shafawa, ana kuma sa shi a wasu alluran rigakafi don ƙara musu ƙarfi. Ba a taɓa nuna yana warkar da ciwon daji a jikin mutum ba.

Mu ɗauka ma mai kwalbar ya rantse akwai sukwalamin a ciki. Ga lissafi. A hantar kifin, inda ya fi yawa, abin da aka samu bai kai miligiram 10 a kowane kilo ba. A gwajin masu ciwon huhu, adadin da aka tsaya a kai miligiram 300 ne a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, wato kusan miligiram 500 a rana ga babban mutum. Kafin ka tara na rana ɗaya sai ka tace hantar da ta haura kilo 50, wataƙila ta kai 100. Kafso ɗaya kuwa giram ɗaya ne ko ƙasa da haka. Wannan ne ya sa tun 1995 masu bincike suka daina dogaro da kifin, suka koma haɗa sinadarin a ɗakin gwaji, kuma duk wanda aka ba marasa lafiya a gwaje-gwajen da na ambata haɗaɗɗe ne. Sannan ga babbar matsala: sukwalamin ba ya ratsa bangon hanji ya shiga jini sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dalilin da ya sa aka ba masu daji ta jijiya ke nan, kuma dalilin da ya sa na masu Parkinson ake haɗiya, domin shi a cikin hanjin ake so ya tsaya ya yi aiki. Wanda aka haɗiya a Daura ba shi da hanyar da zai bi ya isa ƙarin da ke cikin mama.

Wataƙila a nuna maka lambar NAFDAC a jikin kwalbar. Ka duba da kyau. Kayan gargajiya da na ƙarin kuzari da yawa lambarsu na ƙarewa da harafin L, ma'ana an duba ba a ga guba a fili ba, an ba su izini na ɗan lokaci. Hukumar ba ta ce suna warkarwa ba, har ma takan sa a rubuta a jikin kwalin cewa ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Wannan idan lambar ta gaskiya ce ke nan.

Kada kuma a ce ai ko bai yi amfani ba, ba ya cutarwa. Man hantar wasu kifaye na ɗauke da bitamin A mai yawa, kuma yawansa na wahalar da hanta, ga shi hantar Hajiya ce za ta ɗauki nauyin tace magungunan kemo. Garin guringuntsi na da sinadarin kalsiyam da yawa, mai ciwon daji na mama kuwa, idan ciwon ya taɓa ƙashi, kalsiyam na iya hauhawa a jininta ya kawo ƙishirwa, bushewar ciki da ruɗewa. Shi kansa kifin, da yake sauran kifaye yake ci kuma yana daɗewa a duniya, jikinsa na tara sinadarin makuri mai guba. A gefe guda, kifin da aka samo sukwalamin daga gare shi yana cikin waɗanda yawansu ya ragu ƙwarai saboda kamu, ga jinkirin haihuwa, kuma an ƙiyasta ana kashe shak kusan miliyan 100 duk shekara. Halitta ce ta Allah da ake ƙararwa don hajar da ba ta warkar da kowa.

Na san abin da ke jan zuciya zuwa irin wannan kwalba. Mutane na ganin abin da ya fito daga tsiro ko dabba ya fi aminci, kemo kuwa guba ce ta Bature. To ka gaya wa Hajiya wannan, domin gaskiya ce kuma za ta iya kwantar mata da hankali. Paklitaksel, wanda ake yawan ba masu ciwon mama, daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi a Amurka. Jar allurar nan, doksorubisin, daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa aka samo ta, asalinta ƙasar Italiya. Binkiristin da ake ba yara masu dajin jini daga wani fure ne ɗan asalin Madagaska, wanda ake shukawa don ado a gidaje har a nan ƙasar. Teku ma ta ba da nata: sitarabin, da aka amince da shi a 1969, an ƙirƙiro shi ne bisa wani sinadari na soson teku, haka eribulin da aka amince da shi a 2010 don ciwon mama da ya yi nisa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ganye ne ɗan'uwan tazargade, wanda ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015. Duk waɗannan sun fara ne daga inda sukwalamin ya fara. Bambancin shi ne an gwada su a kan dubban mutane sun ci jarrabawar, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa. Sukwalamin ya zauna jarrabawar daji bai kai ƙarshe ba. Ina fatan wata rana ya sami cutar da zai yi wa amfani, kuma zan yi murna da hakan, amma fata ba ta isa a ɗora ran Hajiya a kanta ba.

Wata ukun da kake tunanin bayarwa su ne abu mafi tsada a cikin maganar nan, sun fi kuɗin kafson. Ciwon daji na mama yana cikin waɗanda ake warkewa idan an tare shi da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da mata 90 cikin 100 na nan da rai shekara biyar bayan an gano shi, alhali a Afirka ta Kudu kusan 40 ne. Babban dalilin wannan tazara shi ne lokacin da ake zuwa asibiti da kuma ko an kammala magani. A wajenmu mafi yawan mata sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isowa, bayan an zaga wurin masu magani, an shafa, an sha, an tsaga. Na ga mata da yawa da aka gano nasu yana ɗan ƙululu, suka ɓace, suka dawo bayan damina da gyambo da kumburin hammata, a lokacin da abin da ya rage wa likita shi ne rage raɗaɗi. A cikin wata uku ƙari na iya tsallakawa daga mama zuwa kaluluwar hammata, daga nan zuwa ƙashi ko huhu ko hanta. Wanda ya tsallaka zuwa ƙashi, huhu ko hanta ba ya dawowa baya.

Tsoron Hajiya kuwa a kan hanya yake, kada a raina shi. Kemo na sa tashin zuciya, gashi na zubewa, jiki na mutuwa na 'yan kwanaki, garkuwar jiki na raguwa. Amma akwai magungunan hana amai masu ƙarfi da ake bayarwa kafin allurar da bayanta, gashi na dawowa idan an gama, kuma ana auna jini kafin kowane zagaye don a tabbatar jiki zai ɗauka. Abu ɗaya da za ku riƙe da muhimmanci: idan zazzaɓi ya kama ta a tsakanin zagaye, kada a tsaya kemis, a wuce asibiti a daren, domin a lokacin ƙaramar ƙwayar cuta na iya zama babba. Ka roƙi likitan ya zauna da ita ya yi mata bayani da Hausa, kuma idan akwai wata mata da ta gama nata maganin ta warke, a haɗa su. Maganar wadda ta sha ta fi tawa da taka shiga kunnenta.

Ranar da za ku je, ka tambayi likita matakin da ciwon yake, da kuma ko an yi wa tsokar da aka yanka gwajin da ke nuna irin dajin, wato ko mai jin sinadarin mata ne, ko mai alamar HER2, wani furotin da ke hanzarta girman ƙari. Amsar ce ke nuna maganin da ya dace. Idan mai jin sinadarin mata ne, akwai ƙwayoyi irin su tamoksifen da ake sha kullum na shekaru, masu sauƙin kuɗi, da suke rage dawowar ciwon ƙwarai. Ka tafi da kwalbar nan a aljihu ka nuna wa likita ko mai ba da magani, haɗe da duk wani jiƙo, gari ko rubutu da take sha. Ba don a yi muku faɗa ba ne, don a san abin da ke shiga jikinta ne. Addu'a da tofi ba sa karo da kemo, a ci gaba da su. Abin da ake haɗiya ne ke buƙatar a duba.

Batun kuɗi kuma, na san shi ne ke hana barci. Kuɗin da za a zuba a kafson nan a ajiye shi don motar Daura zuwa Katsina, da gwajin jini, da abinci mai gina jiki irin su ƙwai, wake, nono da kifin ruwanmu, domin mai shan kemo na buƙatar ƙarfi. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, abin da ya rage wa mutanenmu doguwar tafiya. Akwai kuma asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, wanda ya shafi na mama, na bakin mahaifa da na ƙullun da ke ƙasan mafitsarar maza (prostate), kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya yana cikin waɗanda aka fara da su. Ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da kuke zuwa tun ranar farko, ka tambaye su yadda ake cike takardun da abin da ake buƙata, kafin zagaye na biyu ya zo.